Daga riƙon makulli zuwa rubuta magani: tarihin karatun ƙwararrun nas na taɓin hankali a Amurka

A watan Mayun 1946 mujallar Life ta Amurka ta buga wasu hotuna da suka tayar wa jama'a hankali. Maza ne tsirara, tuli guda, a cikin wani makeken ɗaki da babu kujera babu gado, wasu a tsugune, wasu sun jingina da bango, ƙasa duk ƙazanta. Ba a daɗe da gama yaƙin duniya na biyu ba, don haka mutane da yawa da suka gani sai suka tuna da sansanonin da aka buɗe a Turai. Amma wannan asibitin gwamnati ne na masu taɓin hankali, a Byberry, gefen birnin Philadelphia. Wanda ya ɗauki hotunan a ɓoye, Charles Lord, yana cikin samarin da suka ƙi ɗaukar bindiga saboda aƙidarsu ta addini, gwamnati ta tura su aiki a irin waɗannan asibitoci a madadin fagen fama.

Asibitocin jihohi na wancan zamani garuruwa ne masu zaman kansu, da gonakinsu da maƙabartarsu. Na Pilgrim da ke jihar New York sai da ya tara kusan mutum 14,000. Likita guda kan riƙe ɗaruruwan marasa lafiya. Masu wuni da kwana da su kuwa ma'aikatan ɗaki ne marasa horo, masu ɗan albashi. Nas mai takardar shaida ƙalilan ce, kuma aikinta bai wuce na mai gadi ba sai da kaɗan: tarin makullai a ɗamara, ƙirga mutane safe da yamma, ƙirga cokula da wuƙaƙe bayan an ci abinci kada wani ya ɓoye ɗaya. Idan marar lafiya ya birkice, a naɗe shi tamau cikin jiƙaƙƙen zanen gado mai sanyi, ko a kwantar da shi cikin bahon ruwa na sa'o'i. A shekarun 1930 aka ƙaro wasu hanyoyi. Ana yi wa mutum allurar insulin har ya suma, nas ta zauna a kansa tana duba bugun jini, lokaci ya cika a zura masa ruwan sukari ta bututun hanci ya farfaɗo. Ana kuma jona wa kai lantarki, hanyar da Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a birnin Rum a 1938, nas na cikin masu danne kafaɗa da ƙafafu. Babu wanda ya ɗora mata nauyin yi wa marar lafiya magana. A wurare da dama ma ana ganin doguwar hira da shi ɓata lokacin aiki ne.

Ba wai babu makarantu ba. Tun 1882 likita Edward Cowles ya buɗe makarantar horar da masu jinya a asibitin McLean da ke Massachusetts, wadda ake ƙirgawa ta farko irinta a ƙasar. Linda Richards, wadda ta karɓi shaidar jinya a 1873 kuma ake kiranta nas ta farko mai cikakken horo a Amurka, ta ƙarar da ƙarshen aikinta wajen kafa irin waɗannan makarantu a asibitocin mahaukata. A 1913 Effie Taylor ta shigar da darasin taɓin hankali cikin karatun jinya na gama-gari a Johns Hopkins, a 1920 kuma Harriet Bailey ta fitar da littafin koyarwa na farko a fannin. Sai dai duk makarantun nan mallakar asibitoci ne, ɗaliba ma'aikaciya ce mai arha, abin da ake koya mata kuma shi ne yadda za ta bi umarnin likita ba tare da kuskure ba.

Yaƙi ne ya sauya lissafi. Wajen tantance masu shiga soja an mayar da kusan mutum miliyan biyu gida bisa dalilin lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma dubban da suka dawo daga fagen fama a ruɗe. Gwamnati ta gane matsalar ta fi ƙarfin likitocin da take da su. A ranar 3 ga Yulin 1946 Shugaba Harry Truman ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta haifar da cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, NIMH, a 1949 ƙarƙashin likita Robert Felix. An ware sana'o'i huɗu da za a zuba wa kuɗin horo: likitancin ƙwaƙwalwa, ilimin halayyar ɗan Adam, aikin jin daɗin jama'a, da jinya. Shigar jinya cikin wannan jeri shi ne mafarin komai. Kuɗin tarayya ya fara biya wa nas makaranta har da ɗan abin kashewa. Jami'o'i suka buɗe digiri na biyu a fannin. Amma tunanin lokacin shi ne, duk nas ɗin da ta yi karatu mai zurfi to ta bar bakin gado ke nan, ta koma aji ko ofis. Ilimi na nisanta ta da marar lafiya.

Matar da ta ƙi yarda da wannan ita ce Hildegard Peplau. An haife ta a 1909 a garin Reading na jihar Pennsylvania, iyayenta baƙi ne talakawa 'yan asalin Jamus. Tana ƙarama ta ga annobar murar 1918. Ta gama makarantar jinya ta asibitin Pottstown a 1931, daga baya ta sami aikin nas a kwalejin Bennington da ke Vermont, inda ta haɗa aiki da karatu har ta sami digiri a 1943. A wannan tsakani ta je koyon aiki Chestnut Lodge, wani asibiti mai zaman kansa a Maryland, inda Frieda Fromm-Reichmann ke zama da masu ciwon hauka mai tsanani tana saurarensu, Harry Stack Sullivan kuma yana koyar da cewa ciwon hankali a tsakanin mutane yake tsirowa, a tsakaninsu kuma ake iya rage shi. Daga nan ta shiga rundunar jinya ta soja, ta yi 1943 zuwa 1945 a wani asibitin sojan Amurka a Ingila da ake kai waɗanda yaƙi ya girgiza. Da ta dawo ta yi digiri na biyu da na digirgir a kwalejin malamai ta jami'ar Columbia.

Ta kammala littafinta, Interpersonal Relations in Nursing, a 1948, amma bai fito ba sai 1952. Masu ɗab'i sun yi ta jan ƙafa domin babu sunan likita a bangon. Nas ta rubuta littafin nazari ita kaɗai, abu ne da ba su saba gani ba. Abin da littafin ya ƙunsa a yau kamar kowa ya sani: zaman da nas ke yi da marar lafiya shi kansa magani ne, yana da farko da tsakiya da ƙarshe, ana iya koyonsa, ana kuma iya yinsa ba daidai ba. Ta karkasa fargaba hawa huɗu, daga 'yar kaɗan wadda ke kaifafa hankali zuwa firgicin da mutum ba ya ji ba ya gani, ta ce aikin farko shi ne nas ta gane hawan da mutum yake, don wanda ke cikin firgici ba a yi masa dogon bayani.

A 1954 ta koma jami'ar Rutgers a New Jersey, ta kafa digiri na biyu wanda manufarsa guda ce: a fitar da ƙwararriyar nas wadda za ta ci gaba da zama da marasa lafiya. Shi ake ƙirgawa na farko irinsa. Hanyar koyarwarta ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce zuciyar wannan tarihi. Ana ba ɗaliba marar lafiya guda daga asibitin jiha, sau da yawa wanda ya shekara da shekaru ba wanda ya tanka masa. Za ta je a ranar da aka tsayar, a lokacin da aka tsayar, ta zauna da littafi da alƙalami, ta rubuta duk abin da ya faɗa da duk abin da ita ta faɗa, kalma da kalma. Idan shiru ya yi, ta rubuta shirun da tsawonsa. Idan ya tashi ya bar ta, ta ci gaba da zama har lokacin ya cika, gobe ta dawo. Sannan ta kawo takardun gaban malama da sauran ɗalibai a bi su layi-layi. A nan ake kama ta. Ga inda mutumin ya fara zancen mahaifiyarsa, sai ke kika tambaye shi ko ya ci abinci: me ya tsorata ki? Ga inda ya ce suna bin sa, kika gyaɗa kai kika wuce, ba ki tambaye shi su wa ba. Peplau ta damu ƙwarai da irin wannan dunƙulalliyar magana. Tana so nas ta riƙa jawo mutum a hankali ya faɗi wane ne, a ina, yaushe, me ya faru, domin a ganinta mai gyara maganarsa yana gyara tunaninsa ne. Ɗalibai da yawa sun sha wuya a hannunta, don ba ta iya rarrashi ba. Amma abin da ake dubawa a ajin halin ɗalibar ne kafin na marar lafiyar, kuma wannan sabon abu ne a karatun jinya.

Ba ita kaɗai ba ce. A 1952 wata nas mai suna Gwen Tudor ta buga nazarin da ta yi a Chestnut Lodge a kan wata marar lafiya da ta daina hulɗa da kowa. Tudor ta lura cewa ma'aikata ma sun daina zuwa wurinta, kowa na kewaye ta ba tare da ya sani ba, suna cewa ba ta son mutane. Ita ta janye, su sun janye, kowane ɓangare na ƙara wa ɗayan. Da aka karya wannan zagaye matar ta fara motsi. Nazarin ya nuna cewa abin da ma'aikata ke yi a ɗaki yana iya zama wani yanki na ciwon. A 1956 aka yi taro a Williamsburg na jihar Virginia inda aka zayyana abin da ya kamata ƙwararriyar nas ta fannin ta sani. Peplau kuma kowane hutun bazara sai ta bi asibitocin jihohi tana koyar da nas ɗin da ba za su taɓa samun zuwa jami'a ba.

Likitoci da yawa ba su ji daɗi ba. A wurinsu maganin ciwon hankali ta hanyar zance aikin likita ne, nas da ta shiga ciki ta wuce gona da iri. Cikin manyan nas ma akwai masu ganin ɗaliban Rutgers sun bar jinya sun koma kwaikwayon likitoci. Gardamar ta daɗe. Abin da ya kashe ta a aikace shi ne ƙarancin hannu: marasa lafiya sun yi yawa, masu zama da su sun yi kaɗan.

A shekarar da Peplau ta isa Rutgers, wani abu ya shigo kasuwar Amurka wanda daga baya zai rinjayi aikinta. Kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ya haɗa chlorpromazine a 1950, Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne na Paris a 1952, a 1954 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Thorazine. Shi ne wanda ma'aikatan asibitocinmu suka sani da Largactil. Ɗakunan da ake ihu dare da rana suka yi tsit. A 1955 yawan mutanen da ke asibitocin jihohi ya kai ƙololuwa, kimanin 559,000, daga nan sai gangara. A ranar 31 ga Oktoban 1963 Shugaba John Kennedy, wanda aka yi wa ƙanwarsa Rosemary fiɗar ƙwaƙwalwa a 1941 ta nakasa har ƙarshen rayuwarta, ya sa hannu a dokar gina cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni. Waɗannan cibiyoyi suka zama gidan ƙwararrun nas. A nan suka riƙe marasa lafiyarsu, suka jagoranci zaman rukuni, suka zauna da iyalai. Shekarun 1960 da 1970 su ne lokacin da tsarin Peplau ya yi tashe. Ita kanta ta shugabanci ƙungiyar nas ta Amurka daga 1970 zuwa 1972, a 1973 kuma fannin taɓin hankali ya riga sauran fannonin jinya fitar da rubutattun ƙa'idojin aiki. Ta yi ritaya daga Rutgers a 1974, ta wuce jami'ar Leuven a Beljiyam ta taimaka wajen kafa karatun jinya na gaba da digiri.

A gefe guda kuma wani reshe na tsirowa. A 1965, a jami'ar Colorado, nas Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka fara horar da nas ta duba yaro da kanta, ta gano ciwo, ta yi magani, saboda ƙauyukan da babu likita. A 1971 jihar Idaho ta fara amincewa da haka a doka, sauran jihohi suka biyo ɗaya bayan ɗaya, har da ikon rubuta magani. Ƙwararrun nas na taɓin hankali da farko ba su ɗauki wannan reshe nasu ba. Da yawansu suna alfahari ne da cewa kayan aikinsu kunne ne da baki.

Sai iska ta juya. Cibiyoyin unguwanni da aka yi alkawari kusan rabinsu kawai aka gina. A 1980 Jimmy Carter ya sa hannu a dokar ƙarfafa su, a 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta rushe mafi yawanta, ta dunƙule kuɗin ta miƙa wa jihohi. Tallafin karatu na NIMH, wanda shi ya riƙe ajujuwan tun farko, ya yi ta raguwa, ɗalibai suka ragu tare da shi. A 1980 ɗin dai ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta fitar da bugu na uku na kundinta na sunayen cututtuka, wanda ya mayar da gano ciwo lissafin alamomi. A ƙarshen 1987 aka amince da maganin Prozac. Shugaba George Bush na farko ya sanya wa shekarun 1990 sunan shekarun ƙwaƙwalwa. Kamfanonin inshora kuma suka yi nasu lissafin: ganawar minti goma sha biyar ta duba magani ta fi sa'a guda ta saurare arha. Asibiti mai neman ma'aikaci sai ya tambayi abu guda, shin tana rubuta magani? Zuwa tsakiyar shekarun 1990 mutanen asibitocin jihohi ba su kai 100,000 ba, da yawa daga waɗanda aka sallama kuma sun ƙare a titi ko a kurkuku. Peplau ta ga farkon wannan duka kafin ta rasu a California a watan Maris na 1999.

Jami'o'i suka bi kasuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka juya tsohon digirin ƙwararriyar nas ya koma na nas mai duba marar lafiya ta rubuta magani. A 2008 ƙungiyoyin jinya da hukumomin ba da lasisi suka cimma matsaya guda a kan manyan matakan aikin nas. Aka wajabta darussa uku ga kowa: yadda cuta ke aiki a jiki, ilimin magunguna, da duba lafiyar jiki tun daga kai har ƙafa. Aka kuma ce mai karatun taɓin hankali ta iya da kowa, daga yaro har tsoho. A shekarun da suka biyo aka daina ba da jarrabawar tsohon muƙamin da Rutgers ta haifa. Tun 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta nemi a ɗaga matakin zuwa digirin dakta na aikin jinya kafin 2015. Wa'adin ya wuce ba a cika ba, har yau da digiri na biyu mutane da yawa ke shiga aikin.

Kada a raina abin da aka samu. Fiye da rabin gundumomin Amurka ba su da likitan ƙwaƙwalwa ko ɗaya, kuma a wurare da yawa nas ɗin nan ita ce kaɗai mai iya rubuta wa mai ciwon hauka maganinsa. Fiye da rabin jihohi sun ba ta ikon aiki ba tare da sa hannun likita ba. A 2016 hukumar kula da tsofaffin sojoji ta yi haka a asibitocinta, a shekarar kuma doka ta ba nas damar rubuta buprenorphine ga masu fama da jarabar ƙwaya. Darasin duba jiki ma ba ƙaramin gyara ba ne, don masu ciwon hankali mai tsanani suna mutuwa da wuri, galibi da ciwon zuciya da na sukari, wani lokaci magungunan kansu na da hannu.

Amma an biya farashi. Manhajar da aka cusa wa magunguna da gwaje-gwajen jini dole wani abu ya fita daga cikinta, abin da ya fi matsuwa kuwa shi ne zaman saurare da bitarsa layi-layi. Karatun ya koma intanet a makarantu da yawa. Wasunsu kan bar ɗaliba ta nemo wa kanta wanda za ta koyi aiki a ƙarƙashinsa, har akwai masu biyan kuɗi kafin a karɓe su. An daɗe ana neman sa'a 500 kacal ta aiki da marasa lafiya, a 2022 sababbin ƙa'idoji suka ce 750. Ƙungiyoyin likitoci na nuna wannan adadi, suna tuna wa jama'a cewa likitan ƙwaƙwalwa shekara huɗu yake yi yana koyon fannin bayan ya gama makarantar likitanci. A wannan gaɓa suna da hujja. Inda hujjarsu ta yi rauni shi ne, su ma yawancinsu sun bar zaman saurare tun tuni, kuma ba su cika zuwa ƙauyukan da nas ke zuwa ba.

Labarin ya taɓo mu ta wasu wurare. A 1954, shekarar da Peplau ta isa Rutgers, likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro kusa da Abeokuta, inda marar lafiya ke sauka a gidajen mutanen gari tare da ɗan'uwansa, nas na zagayawa suna duba su. Shi da Peplau, kowannensu ta hanyarsa ya kai ga cewa zama cikin mutane wani ɓangare ne na magani. Wadda ta rubuta tarihin rayuwar Peplau a 2002 kuma, Barbara Callaway ta jami'ar Rutgers, ita ce ta yi bincike a Kano ta fitar da littafi a kan matan Hausawa Musulmi a 1987. Mafi kusa da mu duka, 'ya'yanmu da ƙannenmu masu aikin jinya da suka tafi Amurka, da yawansu wannan digiri suke nema, don yana cikin masu kasuwa a yanzu.

Duk mai shirin biyan kuɗin irin wannan karatu, kafin ya sa hannu ya tambayi makarantar abu biyu: wa zai samo masa wurin koyon aiki, kuma sa'a nawa zai yi yana zama da marar lafiya guda, mako bayan mako, malami na bin abin da ya faɗa. Idan an kasa ba shi amsa ta biyu, ya nemi wata makarantar.